Takardun hukuma a ofisoshin gundumomin Amurka

Takardun hukuma na gunduma su ne rubuce-rubucen da hukumomin gundumomi a Amurka suke yi ko suke karɓa a bakin aiki, waɗanda doka ta ba jama'a damar dubawa ko karɓar kwafinsu. A ciki akwai takardun cinikin fili da gida, shaidar aure, rabon gado, ƙararrakin kotu, lissafin haraji, kwangiloli, bayanan zaman majalisar gunduma, har da saƙonnin imel na ma'aikata idan sun shafi aikin gwamnati. Gundumomin sun haura 3,000, kuma rabonsu tsakanin jihohi ba daidai ba ne: Texas tana da 254, Delaware kuwa 3 kacal. A wasu jihohin ma sunan gundumar kawai ya rage a taswira. Connecticut ta rushe gwamnatocin gundumominta a 1960, kuma a can, da Rhode Island da Vermont, ofishin gari ne ke riƙe da takardun filaye.

Dokar da ke aiki

Sanannen kuskure shi ne mutum ya rubuta wa gunduma yana kafa hujja da dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1966. Wannan doka hukumomin tarayya kaɗai ta ɗaure. Gunduma 'yar jiha ce, dokar jiharta take bi, kuma kowace daga jihohi 50 tana da tata. Ta Florida ta samo asali tun 1909, aka kuma shigar da haƙƙin cikin tsarin mulkin jihar a 1992. Kalifoniya ta yi tata a 1968, Texas a 1973, New York a 1974.

Wa'adin amsa ya bambanta. A New York da Illinois da Pennsylvania kwana 5 na aiki ne, a Kalifoniya kwana 10, tare da damar ƙarin kwana 14 idan akwai uzuri. Florida ba ta yanke kwanaki ba, cewa aka yi a amsa cikin lokacin da ya dace. Sai dai a lura, amsa daban, miƙa takarda daban: sau da yawa abin da ke zuwa cikin wa'adin wasiƙa ce mai cewa an samu buƙatar, za a bincika. A yawancin jihohi kowa yana iya nema, ɗan ƙasa ko baƙo, ba tare da faɗin dalili ba. Kaɗan daga cikinsu, kamar Virginia da Tennessee da Arkansas, sun keɓe haƙƙin ga mutanensu, kuma a 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta ce hakan bai saɓa wa tsarin mulki ba, a shari'ar McBurney da Young.

Wane ofishi

Nan ne wahalar take. Gunduma ba ta da ɗakin ajiya guda. Ofisoshi ne barkatai, shugabannin da yawa daga cikinsu ma zaɓensu ake yi, kowa da hatiminsa da kuɗin da yake caja. Takardun mallakar fili, jinginar gida da bashin da aka rataya wa dukiya suna wurin mai rajistar filaye. Ƙimar gida da lambar fuloti suna wurin mai ƙiyasta haraji, amma shaidar an biya harajin tana wurin ma'aji. Lasisin aure yawanci magatakardan gunduma ne ke bayarwa, saki kuma hukuncin kotu ne, sai a nufi magatakardan kotu, wanda shi ke riƙe da wasiyya da rabon gado a wurare da dama. Jerin waɗanda aka tsare da rahoton abin da ya faru suna ofishin sherif, shugaban 'yan sandan gunduma. Idan 'yan sandan birni ne suka yi kamun, rahotonsu yana birni, gunduma ba ruwanta. Mazaunin Bronx da ke neman takardar haihuwar ɗansa, alal misali, ma'aikatar lafiya ta birnin New York zai je.

Yadda ake bin diddigin fili

Babu takarda ɗaya daga gwamna da ke tabbatar da mai fili irin wadda aka saba da ita a Najeriya tun dokar filaye ta 1978. A galibin gundumomin Amurka ofishi yana rubuta duk takardar cinikin da aka kawo masa ne, ba ya rantsuwa a kan ingancinta. Mallaka tana fitowa daga sarƙar cinikin. Ana ajiye jerin sunaye biyu, na masu sayarwa da na masu saye. Mai bincike zai ɗauki sunan wanda ke gidan yau ya nemo shi a jerin masu saye, ya ga daga hannun wa ya saya, a littafi na nawa da shafi na nawa aka rubuta. Sai ya ɗauki sunan wancan ya sake nema a jerin masu saye na shekarun baya, haka har ya kai inda yake so. Daga nan ya juyo, ya bi kowane suna a jerin masu sayarwa, ko wani ya jinginar da gidan ko ya sayar wa mutum biyu. Harafi ɗaya da magatakarda ya kuskure a suna shekara tamanin da suka wuce yana iya tsinke sarƙar. Wannan ne ya haifar da kamfanonin da sana'arsu ke nan, binciken mallaka da inshorarta.

Tsofaffin littattafan nan sun adana abin da ba a yi nufin adanawa ba. A takardun gado na jihohin kudu kafin 1865 ana samun sunayen bayi a jere da dawakai da kayan gona, kowanne da farashinsa, kuma da su zuriyarsu ke gano kakanni. A gundumar Hennepin ta Minnesota, masu bincike na jami'ar jihar sun tono dubban takardun gidaje masu sharaɗin kada a sayar wa baƙar fata, sharaɗin da Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilastawa a 1948.

Rubuta buƙata

Kafin a rubuta komai ana duba shafin intanet na gundumar, domin ƙimar gidaje, taswirar fuloti da ajandar majalisa galibi suna nan kyauta. Abin da babu a shafi ne ake nema ta wasiƙa, imel ko fom. Doka ta tilasta wa ofishi ya ba da takardar da ke akwai. Ba ta tilasta masa amsa tambaya ko ƙirƙiro sabon lissafi ba. Wanda ya rubuta "me ya sa aka ba wane kwangilar hanya?" yana iya samun shiru. Wanda ya ce a ba shi kwafin kwangilar, da tayin kamfanonin da suka nema, da takardun biyan kuɗi daga Janairu zuwa Yuni na shekara kaza, ya ɗaure ofishin da jijiyarsa. Ana ambaton sunan dokar jihar, a nemi a turo ta kwamfuta, a kuma ce a sanar kafin kuɗi ya wuce adadi kaza.

Dubawa a ofis yawanci kyauta ne, kwafi ake biya: senti 25 kan shafi a New York, 15 a Florida, a Illinois kuma shafi 50 na farko kyauta. Wasu jihohin suna yarda a caji lokacin ma'aikaci idan aikin ya yi yawa, kuma a nan ne kuɗi ke tashi har ya kori mai nema. Kwafi mai hatimi, wanda kotu ko ofishin jakadanci ke karɓa, ya fi tsada.

Abin da ake hanawa

Shari'ar yara, takardun ɗaukar riƙo, bayanan asibiti, lambar tsaron zamantakewa (lambar shaidar mutum da gwamnatin tarayya ke bayarwa) da binciken 'yan sanda da ba a kammala ba, duk a rufe suke a yawancin jihohi. Takardar haihuwa mai hatimi yawanci ta mai ita ce da danginsa na kusa, ko da yake Kalifoniya tana ba kowa kwafin da aka buga wa tambarin cewa ba ya zama shaidar mutum. Ƙa'idar ita ce a shafe wurin da ya haramta da baƙin layi, a ba da sauran, a kuma faɗi sashen dokar da aka dogara da shi. A Texas ofishin da ke son ɓoye takarda dole ya nemi fatawar babban lauyan jiha cikin kwana 10 na aiki. Pennsylvania ta kafa ofishin ɗaukaka ƙara na musamman da dokarta ta 2008. A wasu jihohin kuwa babu hanya sai kotu, abin da mai ƙaramin ƙarfi ba kasafai yake iyawa ba.

Wata takardar kuma babu ita ne gaba ɗaya. Gobarar Chicago ta 1871 ta cinye littattafan filayen gundumar Cook, sai da aka dogara da kwafin da kamfanoni masu zaman kansu suka tsira da su. Kowace jiha tana da jadawalin tsawon ajiya: takardun fili na dindindin ne, amma hotunan kyamarar tsaro da sautin kiran gaggawa ana iya gogewa cikin makonni ko watanni idan ba wanda ya nema.