Tangarɗar zartar da aiki da fargaba

Tangarɗar zartar da aiki yanayi ne da mutum ya san abin da ya kamata ya yi, yana kuma son yin sa, amma ya kasa somawa, ko ya soma ya watsar a tsakiya, ko ya rasa wanne zai gabatar da wanne. Ba a lissafa ta a matsayin cuta mai zaman kanta. Alama ce da ke bin matsaloli dabam-dabam, kuma sau da yawa tana tafe da fargaba, wato zullumin da ba ya barin zuciya ta kwanta. A Maradi, kamar sauran ƙasar Hausa, an fi kiran mai fama da ita malalaci, ko mai ganda, ko mai shiririta. Wanda ya lura zai ga bambanci: mai ganda in ya zille wa aiki hankalinsa kwance yake, shi kuwa wannan yana zaune ne aikin na cin ransa.

Tushenta a ƙwaƙwalwa

Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ne ke da babban hannu wajen tsara aiki, kuma ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. An fara gane muhimmancinsa ne daga waɗanda suka ji rauni a wurin. Sananne a cikinsu shi ne Phineas Gage, ma'aikacin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, wanda sandar ƙarfe ta huda masa kai a 1848. Ya rayu har 1860, amma likitansa ya ba da labarin cewa halinsa ya sauya, yakan ƙulla shiri ya warware nan take. Daga baya Alexander Luria na Tarayyar Sobiyet ya faɗaɗa binciken a kan sojojin da aka raunata a Yaƙin Duniya na Biyu.

A 2000 masanin halayyar ɗan Adam Akira Miyake da abokan aikinsa suka karkasa wannan baiwa ta tsara aiki gida uku: kame kai daga abin da ke fizgar hankali, riƙe bayani a ka ana sabunta shi yayin da ake aiki, da iya juyawa daga wani aiki zuwa wani. Na biyun shi ne wanda kowace uwa ta sani. Ta aiki yaro shago ya sayo gishiri, daddawa, magi, man gyaɗa na dala ashirin, ya kuma karɓo canji. Ya dawo da gishiri da magi yana sosa ƙeya. Abin da kai ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce kamar abu huɗu ba, ko ga babba mai lafiya.

Wani gwaji da Tim Shallice da Paul Burgess suka wallafa a 1991 ya nuna yadda matsalar ke ɓuya. Marasa lafiya uku masu rauni a gaban ƙwaƙwalwa sun yi kyau ƙwarai a jarrabawar basira ta cikin ofis. Da aka tura su wani layin shaguna a Landan da ƴan aike-aike, irin su sayen burodi, tare da wasu ƙa'idoji masu sauƙi, sai suka rikice, suka karya ƙa'idojin, suka bar wasu aiken ba a yi ba. Ke nan mutum na iya zama mai kaifin kai, mahaddaci ma, ya kasa kai takarda ofishin magajin gari wata uku.

Abubuwan da ke jawo ta

An fi danganta ta da larurar ƙarancin natsuwa da ake kira ADHD, ko TDAH a bakin likitocin da ke aiki da Faransanci, sai ciwon baƙin ciki mai tsanani da shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma dalilan da suka fi kusa da mutanen wannan yanki: buguwar kai a haɗarin kabu-kabu ba hular kwano, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa tun ana yaro, cutar sikila, da shan tiramol. Rashin barci kaɗai ya isa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maradi, wanda ya kwana yana juyi kan tabarma a tsakar gida ba zai wayi gari da kai ɗaya da na lokacin hunturu ba.

Yadda take haɗuwa da fargaba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke da ciwon fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Michael Eysenck da abokansa sun yi bayani a 2007 cewa zullumi yana cinye wurin da ya kamata hankali ya yi aiki da shi, ya raunana kame kai da juyawa tsakanin ayyuka. Shi ya sa abubuwan biyu ke ciyar da juna.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa da ke karɓar kaya bashi daga wajen ubangidansa. Ranar Litinin ya kamata ya zauna ya haɗa lissafi. Ya ɗauko littafin, gabansa ya faɗi don bai san ko kuɗin za su cika ba, sai ya mayar da shi ƙarƙashin kanta ya ce sai bayan la'asar. A daidai wannan lokacin yakan ji sanyi a ransa, kuma wannan ɗan sanyin shi ne tarkon, domin ƙwaƙwalwa ta koyi cewa gudu na kawo sauƙi. Kafin Juma'a waya ta yi ƙara sau biyar, yana ganin sunan Alhaji yana kifa ta. Giɓin da bai wuce jika biyu ba ya zame masa dutse, ga kunyar ƙin ɗaga waya ta hau kai. Karin maganar nan ta «da muguwar rawa gara ƙin tashi» tana da gaskiyarta a dandali, amma mai fargaba ya mayar da ita dokar rayuwa, duk rawa a wurinsa muguwa ce tun bai taka ba.

Dabarun rayuwa da ita

Yawancin dabarun da masana ke bayarwa suna komawa ga abu guda: a fitar da tsarin daga cikin kai a ɗora shi kan wani abu na waje, takarda ko ƙararrawar waya ko mutum. Wanda ba ya rubutu yakan naɗa wa kansa saƙon murya a WhatsApp. Makulli da katin shaida a ba su ƙusa guda a bango, kullum nan.

Sai rage girman loma. «Zan gyara ɗaki» ba shi da bakin kamawa. «Zan kwashe kwanukan da ke bakin ƙofa» yana da shi. Wasu na aiki na minti 25 su huta minti 5, dabarar da Francesco Cirillo ɗan Italiya ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980. Peter Gollwitzer kuma ya nuna a 1999 cewa niyyar da aka ɗaure da wani lokaci ko wuri takamaimai ta fi cika. A nan Bamaraɗe na da gata, don salloli biyar sun riga sun yanka masa yini: «ina sallame azahar zan kira Alhaji» ya fi «yau zan kira shi» ƙarfi nesa ba kusa ba.

Aiki kusa da wani ma yana taimakawa, ko da wancan bai sa hannu ba. Manoma sun san haka a gayya, mata sun san shi a bakin turmi, ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kuma a karatun rukuni gab da jarrabawa. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, suna da irin wannan amfani ko da ba don shi aka kafa su ba: ranar zubi sananniya ce, kuma akwai idon ƴan uwa. Gori kuwa yana ƙara dagula lamarin. Yayar da ta ce «taso, ƙanwata, mu wanke su tare» ta fi wadda ta ce «ke dai ba ki da zuciya» samun wanki.

Magani

Idan zullumi ya shafe watanni yana hana barci, ciniki ko karatu, ko mutum ya fara tunanin hallaka kansa, lamarin ya wuce dabarun gida. Ana iya farawa daga asibitin unguwa, a duba ƙarancin jini da sauran cututtukan jiki, sannan a tura mutum ga masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai jinya ta tattaunawa, wadda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, inda ake koya wa mutum tunkarar abin da yake gudu kaɗan-kaɗan. Akwai kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa, waɗanda sai sun yi makonni kafin a ga aikinsu. Iyalai da yawa sukan fara da malami, a yi addu'a ko a sha rubutu, kuma hakan bai hana zuwa asibiti ba. Abin da likitoci ke gargaɗi a kai shi ne ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diyazefam da ake saye a tiren masu talla ba takarda: suna kashe fargabar na ƴan sa'o'i, jiki ya saba da su, su kuma ƙara dusashe riƙon da ake nema a gyara.