Katangar da elektiron yake ratsawa

Tun muna aji aka koya mana cewa abubuwa kashi biyu ne: masu wucewa da wutar lantarki, irin su tagulla, da masu tare ta, irin su roba da kakin kyandir. Shi ya sa da yawa suka ɗauka mai tarewa yana tarewa komai sirantarsa. Ba haka abin yake ba.

A ɗakin bincike ana tsoma farantin zinariya cikin wani sinadari mai ɗauke da sulfa. Ƙwayoyinsa sai su manne, su jeru tsaye kamar gashin buroshi, kaurinsu bai wuce nanomita 2 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Dangin kaki ne, amma elektiron, wato ƙwayar da ke ɗaukar wutar lantarki, yana ratsa shi, domin a wannan ƙanƙanta halinsa na igiyar ruwa ne, wani sashensa yana ɓullowa ta ɗaya gefen. Abin da ya fi burge ni: kowace ƙwayar sinadarin sarƙar kabon ce, a ƙara wa sarƙar kabon ɗaya tak, wutar ta ragu kusan ninki uku.

Robar wayar gidanka ta fi wannan kauri sau dubu ɗaruruwa, don haka babu abin da ke ratsa ta. Da wannan ratsawa masana kimiyya Binnig da Rohrer suka ƙera madubin ganin atom a 1981.