Waiwaye: Yadda Birtaniya ta bi kamfanonin caca har Jibralta da takardar haraji

Jibralta ɗan tsukin ƙasa ne a kudancin Sifaniya da ke ƙarƙashin Birtaniya, amma tsarin harajinsa daban ne. A 1999 wani mai kamfanin caca, Victor Chandler, ya tattara harkarsa ya koma can. Masu caca a Ingila sai su buga masa waya su zuba kuɗi a kan doki, ba tare da an zaftare musu kashi 9 cikin ɗari da shagunan gida ke cirewa ba.

Gwamnati ta ga kuɗi na zurarewa, sai ta bi ta lallami. A 2001 ministan kuɗi Gordon Brown ya soke harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin da aka zuba, ya mayar da shi kashi 15 na ribar kamfani. Manyan kamfanoni suka dawo gida. Zaman bai daɗe ba, don intanet ta riga ta sauya kasuwar. A 2009 William Hill da Ladbrokes suka mayar da sashensu na intanet Jibralta, Betfair ta bi sahu a 2011. A lokacin, can harajin kashi 1 ne, kuma ba ya wuce fam 425,000 a shekara, komai yawan ciniki. Mai caca yana zaune a Manchester, wasan ana buga shi a Ingila, asarar ma a gidansa take sauka, amma baitulmali sai kallo.

A ranar 1 ga Disamba 2014 aka juya ƙa'idar: haraji ya bi inda mai caca yake, ko ina kamfani ya ajiye kwamfutocinsa. Gwamnati ta yi kiyasin samun kusan fam miliyan 300 a shekara. Kamfanonin Jibralta suka garzaya kotu, har gaban kotun Tarayyar Turai, suka sha kaye a 2017.

Daga nan abin ya koma saniyar tatsa. A 2019, da aka rage kuɗin da za a iya zubawa a injinan shaguna daga fam 100 zuwa fam 2, sai aka ɗaga harajin wasannin kasino na intanet zuwa kashi 21 don cike giɓi. A ganina nan ne gwamnati ta fara dogaro da kuɗin da take cewa suna rusa iyalai. Kasafin Nuwamba 2025 ya tsara kai harajin kasino na intanet ɗin kashi 40 daga Afrilun 2026, kamfanonin kuma suna ta gargaɗin cewa masu caca za su tsere shafukan da ba su da lasisi.