Mene ne kiɗan ilektiro-akustik?

Duk mai yawo a Bandcamp ko SoundCloud yana neman sababbin faya-fayan kiɗa zalla, waɗanda babu baiti babu amshi, zai yi ta cin karo da wannan doguwar kalma a ƙarƙashin sunan faifai. Samarinmu da dama a Gadarif da Kasala, a gabashin Sudan, sun ɗauka ana nufin duk kiɗan da sai da lantarki yake tashi, har da org ɗin gidan biki, wato piyanon lantarki, da zanig, kiɗan rawa na samarin Sudan, da ke fitowa daga cikin raksha, wato keke mai ƙafa uku. Ba haka abin yake ba. Mai org yana da maɓallai a gabansa, kowanne da muryarsa, kuma yana bin kari ne kamar yadda mai ud, wato molon Larabawa, ko mai goge yake bi.

A kiɗan ilektiro-akustik, sautin da aka naɗa shi ne kayan aikin. Mutum zai ɗauki makirufo ya naɗi ƙarar injin niƙa, ko ruwan damina a kan rufin kwano, ko hayaniyar dillalai a kasuwar riɗi, ya kai ɗaki ya zauna da shi kamar tela da yadi: ya yanka nan, ya haɗa can, ya juya wani gaba ya koma baya. Idan aka ninka gudun zaren kaset, sauti yakan yi sama, ya sirance, tsawonsa ya ragu da rabi. Idan aka rage gudun, kukan tsuntsu sai ya koma gurnani. Idan aka datse farkon bugun ƙararrawa aka bar jelarsa kawai, kunne ba ya ƙara gane ta, sai ya ji kamar busa ake yi. Daga irin waɗannan dabaru ake gina kiɗan, kuma ba a jin sa sai ta lasifika, don babu hannun da zai iya buga shi.

An fi danganta farkonsa da Faransa. A 1948 Pierre Schaeffer, injiniya a gidan rediyon ƙasar, ya naɗi ƙarar jiragen ƙasa a Paris, ya sarrafa ta a kan faya-fayai, aka watsa a watan Oktoba na shekarar. Amma shekara 4 kafin nan, a Alƙahira, wani ɗalibin aikin gona mai suna Halim El-Dabh ya riga ya ari rikoda mai naɗa sauti a kan siririyar waya, ya je inda mata suke zar, wato bikin warkar da masu iskoki, ya naɗi waƙarsu da kiɗansu. Ya koma ɗakin naɗar sauti ya yi ta ƙara amsa-kuwwa, yana tace muryoyin, yana cire gindin amon yana barin na sama, har kalmomin suka narke. A 1944 ya gabatar da aikin. Ya rasu a Amurka a 2017, kuma sai a ƙarshen rayuwarsa sunansa ya fara shiga tarihin wannan fanni yadda ya kamata.

Wannan labari ya fi kusa da mu fiye da na Paris. Zar ba baƙo ba ne a Sudan, inda ake da iri biyu, zar bori da zar tambura, kuma masu bincike da yawa suna danganta sunan na farkon da borin ƙasar Hausa. Malamanmu ba su taɓa yin na'am da shi ba, ni ma ba tallarsa nake yi ba. Abin lura shi ne, ɗaya daga cikin ayyukan farko-farko na wannan kiɗa da ake yi wa kallon na Turawa, daga muryoyin matan bakin Nilu aka yi shi.

Akwai reshe na biyu. A Kolon ta Jamus, gidan rediyo ya buɗe ɗakin gwaji a 1951, inda ba su damu da naɗo komai daga waje ba. Na'ura ce ke haifar da amon tun daga tushe. Ɓangarorin biyu, na Paris da na Kolon, sun yi ta ja-in-ja, har a 1956 Karlheinz Stockhausen ya haɗa muryar wani yaro da amon na'ura a aiki ɗaya. A hankali kalmar ilektiro-akustik ta zama inuwar da ta rufe su duka, har da ayyukan da mai goge ko mai sarewa zai yi wasa a dandali, kwamfuta tana karɓar sautinsa tana sauya shi nan take.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne tsakaninsa da kiɗan kayan kiɗa na zamani, don sau da yawa a rumfa ɗaya ake jera su. Misali ɗaya ya isa ya raba gardama. Hamza El Din, Banube mai ud, ya fitar da Escalay a 1971, inda yake kwaikwayon juyawar saƙiya, wato keken ɗebo ruwa da shanu ke ja a bakin kogi. Da yatsunsa ya yi, a kan tsirkiya, saboda haka kiɗan ud ne, komai sabuntarsa. Da a ce ya je ya naɗo kukan katakon saƙiyar kanta, ya ja shi, ya jera shi, to da ya shiga ilektiro-akustik. Shi kuwa kiɗan gwaji suna ne mai faɗi. Duk wanda ya kauce wa hanyar da aka saba yana iya fakewa a ciki, gwani da ɗan koyo.

Cikin faya-fayan shekarun nan, 'yan Afirka sun taka rawa. KMRU, ɗan Kenya, ya fitar da Peel a 2020, dogayen sautuka masu tafiyar hawainiya waɗanda sai an natsu ake jin suna sauyawa. Emeka Ogboh na Najeriya, wanda ya daɗe yana naɗar hayaniyar Legas, ya fitar da Beyond the Yellow Haze a 2021, da kiran kwandastocin danfo, motocin hayar birnin, da ƙahon motoci a cikinsa. Amma kar sunan ya ruɗe ka. Faya-fayai da yawa da ake liƙa wa wannan kalma, amo ɗaya ne aka ja na minti 20 aka yayyafa masa kukan tsuntsaye. Mai kyau shi ne wanda za ka ji an yi shawara a kowace gaɓa: me ya sa wannan ƙarar ta shigo yanzu, me ya sa waccan ta ɗauke. Kuma a saurara da abin sawa a kunne, don lasifikar waya ba ta fitar da amon ƙasa, alhali rabin aikin a can yake.

Wanda ke son gwadawa, wayarsa da kwamfuta mai manhajar Audacity, wadda kyauta ce, sun ishe shi, in an samu wutar caji. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ɗaga waya ana naɗar sauti a kasuwa ko tasha kan jawo tambayoyin da ba a shirya musu ba. Gara a fara daga cikin gida, da turmi da tabarya da tafasar jabana, wato tulun gahawa, in kuma muryar mutum ce a nemi izininsa tukuna.