Jiki, Asali da Soyayya a Finafinan Jamus

Jiki, asali da soyayya jigo ne da ke yawan dawowa a finafinan Jamus tun shekarun 1920. Finafinan da ke ƙarƙashinsa suna duba yadda launin fata, yawan shekaru, naƙasa ko tabo ke yanke wa mutum matsayinsa a cikin jama'a, har da wanda aka yarda ya so da wanda aka yarda ya so shi. Babu ƙasar da ba ta da finafinan soyayya, amma a Jamus tambayar ta fi nauyi, domin ƙasar ta taɓa zama ƙarƙashin gwamnatin da ta auna darajar ɗan Adam da jininsa da lafiyar jikinsa, kuma ta yi amfani da sinima wajen cusa wa mutane wannan aƙida.

Daga Weimar zuwa mulkin Nazi

A zamanin Jamhuriyar Weimar, wato gwamnatin Jamus kafin hawan 'yan Nazi, kamfanin finafinai na UFA, wanda aka kafa a 1917, ya fitar da Wege zu Kraft und Schönheit a 1925, fim mai yabon motsa jiki da kyawun ƙira. A 1927 kuma Fritz Lang ya yi Metropolis, inda Brigitte Helm ta fito a matsayin Maria da kuma mutum-mutumin da aka ƙera da kamanninta, har ma'aikatan da suka amince da ita suka kasa bambance ta gaske da ta jabu.

Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, sha'awar jiki mai ƙarfi ta zama manufar gwamnati. Dokokin Nuremberg na 1935 sun haramta aure tsakanin Yahudawa da waɗanda aka kira masu jinin Jamus. Olympia na Leni Riefenstahl, wanda ya fito a 1938 kan gasar Olamfik ta Berlin ta 1936, ya ɗaukaka surar ɗan wasa zuwa matsayin abin koyi. Mafi muni shi ne Ich klage an na 1941, labarin likitan da ya kashe matarsa mai fama da ciwon da ba ya warkewa bisa roƙonta. An shirya shi a lokacin da gwamnati ke hallaka dubun dubatar naƙasassu da masu taɓin hankali, don jama'a su ɗauki kisan a matsayin tausayi da ƙauna. Wannan gado ne ya sa daraktoci da yawa na bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka guji surar da ba ta da aibu, suka mayar da kyamara kan tsofaffi, baƙi da masu rauni.

Fassbinder da jikin baƙo

Fim ɗin da aka fi ambata a wannan fage shi ne Angst essen Seele auf na Rainer Werner Fassbinder, wanda ya fito a 1974, aka kuma ɗauke shi cikin kimanin mako biyu. Emmi, wadda Brigitte Mira ta fito a matsayinta, gwauruwa ce mai kusan shekara sittin da ke aikin shara da goge-goge a Munich. Ali, wanda El Hedi ben Salem ya fito a matsayinsa, bakanike ne ɗan Maroko da ta girme shi nesa ba kusa ba, ɗaya daga cikin ma'aikatan da Jamus ta Yamma ta ɗebo daga ƙasashen waje. An ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya a 1961, da Maroko a 1963, aka kuma dakatar da shirin a 1973, shekarar da aka ɗauki fim ɗin.

Da suka yi aure, kowa ya juya musu baya. Ɗanta ya sa ƙafa ya fasa talabijin da ya ji labari, mai kanti ya ƙi sayar wa Ali kaya, abokan aikinta suka daina zama da ita lokacin cin abinci. Amma ƙarfin fim ɗin yana rabi na biyu, bayan mutane sun sauko. Ba tuba suka yi ba, buƙata ce ta dawo da su: mai kanti yana son ciniki, maƙwabta suna son mai ɗaukar musu kaya. A nan ne Emmi, cikin murnar an sake karɓarta, ta gayyaci ƙawayenta su tattaɓa damtsen mijinta, suna magana a kansa yana tsaye kamar ba ya ji. Wurin yana da zafin kallo domin ba maƙiyi ne ya ci mutuncinsa ba, matar da ke ƙaunarsa ce. Daga ƙarshe Ali ya yanke jiki ya faɗi da gyambon ciki, likita kuma ya ce cutar ta zama ruwan dare a tsakanin baƙin ma'aikata saboda matsin da suke ciki. Fim ɗin ya samu kyautar masu sharhin finafinai ta duniya a bikin Cannes na 1974.

Gabas, tsufa da naƙasa

A Jamus ta Gabas, kamfanin gwamnati na DEFA ya fitar da Die Legende von Paul und Paula a 1973, inda Paula ta zaɓi ta haifa wa masoyinta ɗa duk da gargaɗin likita cewa haihuwar za ta iya cin ranta. Wim Wenders ya bi wata hanya a Der Himmel über Berlin na 1987, ƙagaggen labarin mala'ikan da ya bar dawwama ya zama mutum saboda son wata 'yar wasan lilo. Hoton yana sauyawa daga fari da baƙi zuwa mai launi idan aka shiga duniyar masu jini da tsoka.

Caroline Link, a Jenseits der Stille na 1996, ta ba da labarin Lara, 'yar kurame da ke yi wa iyayenta tafinta da maganar hannu, sai ta kamu da son kiɗan da ba za su taɓa ji ba. Andreas Dresen kuma, a Wolke 9 na 2008, ya nuna Inge, mai ɗinki da ta haura sittin, wadda ta faɗa son wani dattijo mai shekara 76 bayan shekara talatin da aure. Dresen bai ɓoye tamoji da furfura ba, bai kuma ɓoye ɓarnar da abin ya yi wa mijinta ba, kuma wannan gaskiya biyu ce ta ba fim ɗin daraja.

Fuskar da ta sauya

Phoenix na Christian Petzold, wanda ya fito a 2014, ya mayar da tambayar kan tarihin da ta samo asali. Nelly, mawaƙiya Bayahudiya da Nina Hoss ta fito a matsayinta, ta tsira daga sansanin Auschwitz da raunin harbi a fuska, aka yi mata tiyata. Ta nemo mijinta Johnny a kangayen Berlin na 1945, bai gane ta ba. Abin da ya gani mace ce mai ɗan kama da matarsa, sai ya nemi ta kwaikwayi Nelly don su karɓi gadonta. Ta yarda, ya shiga koya mata tafiyarta da shigarta. Masu sharhi da dama sun karanta makantar Johnny a matsayin ta al'ummar da ba ta son duban waɗanda suka dawo daga sansanonin. Muryarta da lambar fursuna da aka zana mata a hannu a sansanin ne suka tona gaskiya.

Muhawara

Akwai masu sukar cewa kyamarar Fassbinder ita ma ta yi wa Ali irin kallon da fim ɗin ke tsinewa, kuma na dogon lokaci Jamusawa 'yan asali ne ke ba da labarin baƙi. Lamarin ya fara sauyawa da 'ya'yan baƙin suka riƙe kyamara da kansu. Fatih Akin, haifaffen Hamburg ɗan asalin Turkiyya, ya yi Gegen die Wand, labarin Cahit da Sibel, waɗanda suka haɗu a asibitin masu taɓin hankali bayan kowannensu ya yi yunƙurin hallaka kansa, suka yi auren dabara don ta kuɓuta daga takurar gidansu. Fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2004, karo na farko da fim ɗin Jamus ya samu kyautar tun 1986.