Sabunta Fuskar Kayan Tangaran

Sabunta fuskar kayan tangaran hanya ce ta gyara bahon wanka, sinki da tayil ɗin bango waɗanda suka dushe, suka yi tabo ko suka ɓantare, ta hanyar fesa musu sabon rufi a inda suke, ba tare da an tumɓuke su ba.

Asalin sheƙin da ke jikin waɗannan kaya gilas ne da aka narkar a tanderu. Ana gasa tangaran a zafin digiri 1,200 zuwa 1,400 na Salshiyas, rufin bahon ƙarfe kuwa wajen digiri 750 zuwa 850. Irin wannan wuta ba ta shiga banɗaki, shi ya sa sabon rufin ya kasance fenti ne mai ruwa biyu da ake gaurayawa su sandare, galibi efoksi ko foliyuretan. Yana jure ruwan zafi da sabulu, amma bai kai na asali tauri ba. Efoksi yana kamawa sosai, sai dai yakan koma ruwan ɗorawa idan ya daɗe. Foliyuretan ya fi shi riƙe fari.

Yawancin aikin yana wajen shiri ne, domin fenti ba ya kama abu mai santsi. Ana cire tsohuwar robar like da ke gefe, a wanke maiƙo da ragowar sabulu, sannan a kashe sheƙin da sanfefa ko da asid, ko a shafa sinadarin da ke haɗa fenti da gilas. Sai a cike ramuka, a goge su daidaita, a fesa rufin siriri sau biyu ko uku. Ɗigon ruwa daga famfo mai yoyo ya isa ya ɓata komai, kuma inda aka bar maiƙo nan ne rufin ke fara ɓarewa. Akan jira kwana ɗaya ko biyu kafin a yi amfani da bahon. Bayan haka, hodar goge-goge da soson ƙarfe suna cinye rufin.

Aikin yana da haɗari na gaske. Tururin foliyuretan yana iya jawo asma, asid ɗin kuma yana ƙona fata. Mafi muni shi ne sinadarin metilin kulorayid da ake cire tsohon fenti da shi: tururinsa ya fi iska nauyi, yana taruwa a cikin baho daidai inda ma'aikaci ke sunkuyar da kai. A Amurka an danganta shi da mutuwar masu wannan sana'a 13 tsakanin 2000 da 2011, kuma a 2019 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta hana sayar wa jama'a magungunan cire fenti masu ɗauke da shi.