Likitancin da ke sakin birkin sojojin jiki: aikin James Allison da abin da ya shafe mu

Mutanenmu da dama sun san Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ta dalilin yaƙin da ya yi da kurkunu a ƙauyukan Najeriya da Nijar da Ghana. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a watan Agustan 2015, yana ɗan shekara 90, ya fito ya shaida wa duniya cewa an same shi da sankarar fata mai suna melanoma, kuma ta riga ta kai hanta da ƙwaƙwalwa. A da, duk likitan da ya ji haka ya san lissafin watanni ake yi. Aka yi masa aiki a hanta, aka gasa ƙarin da ke ƙwaƙwalwar da na'ura, sannan aka ɗora shi a kan wani sabon magani da ake sawa ta ƙarin ruwa. Kafin shekarar ta ƙare ya sanar da cewa hoton da aka ɗauka bai nuna ciwon ba. Sai da ya cika shekara 100 kafin ya rasu a Disambar 2024.

Maganin nan ba ya kashe ƙwayoyin daji da kansa kamar yadda kemo ke yi. Sojojin jikin majinyacin yake saki su yi aikin. Mutumin da ya buɗe wannan ƙofa, James Allison, shi nake so mu yi magana a kansa, domin fahimtar abin da ya gano za ta kare ku daga yaudara, za ta kuma nuna muku abin da ke hannunmu yau.

An haifi Allison a 1948 a wani ƙaramin gari mai suna Alice a jihar Texas. Yana yaro ƙarami mahaifiyarsa ta rasu da sankarar jini, daga baya ciwon daji ya ɗauke kawunnansa biyu da ɗan'uwansa. Duk da haka ba likitan asibiti ya zama ba. Mai bincike ne na ɗakin gwaje-gwaje, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa ba neman maganin daji ya fita yi ba, so yake ya gane yadda ƙwayoyin T ke aiki. Ƙwayoyin T wani rukuni ne na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke kira sojojin jiki. Suna zagaya jiki suna duba kowace ƙwayar halitta, in sun ga baƙuwa ko wadda cuta ta shiga sai su hallaka ta.

To tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: in har sojojin nan na da wannan ƙarfi, me ya hana su gamawa da ƙwayoyin daji? Tun a 1891 wani likita a New York, William Coley, ya riƙa yi wa masu daji allurar ƙwayoyin cuta don ya tayar da garkuwar jikinsu, wasu kuwa suka samu sauƙi, amma babu wanda ya iya bayanin dalili. Shekara ɗari ana ta ƙoƙarin zuga garkuwar jiki, nasarar ba ta taka kara ta karya ba, har manyan likitocin daji da yawa suka ɗauki fannin a matsayin ɓata lokaci.

Allison ya zo wa abin ta wata fuska. A jikin ƙwayar T akwai wani sinadari da masana a Faransa suka gano a 1987, aka sa masa suna CTLA-4. Da farko an zaci yana ƙara wa ƙwayar kuzari ne. Ɗakin binciken Allison a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, da na wani masani Jeffrey Bluestone, suka nuna akasin haka: birki ne. Allah ya halicci sojojin jiki da birki don kada su wuce gona da iri su afka wa jikin mai su. Matsalar ita ce wannan birki kan kama tun kafin su gama da ƙarin daji. Kowa yana ta danna totur, shi kuwa Allison ya ce a gwada ɗaga ƙafa daga birkin.

A ƙarshen 1994 suka gwada a kan ɓeraye masu ƙari. Aka raba su gida biyu, aka yi wa wasu allurar sinadarin da ke toshe CTLA-4, aka bar sauran. Allison ya sake gwajin da hannunsa lokacin hutun Kirsimeti, ba tare da ya san wane ɓera ne ya samu maganin ba, yana auna girman ƙarin. Da farko duk suka ci gaba da girma. Can sai na rukuni ɗaya ya tsaya, ya fara motsewa, ya ɓace, ɗaya rukunin kuwa ciwon ya kashe su. Sun wallafa sakamakon a mujallar Science a 1996.

Daga ɓera zuwa ɗan Adam sai da aka yi shekara 15. Manyan kamfanonin magani suka yi ta juya masa baya, domin an sha warkar da ɓeraye a ɗakin gwaji abin ya ƙi aiki a jikin mutum. Daga ƙarshe wani ƙaramin kamfani, Medarex, ya karɓa ya haɗa maganin da aka sa wa suna ipilimumab. A 2010 aka fitar da sakamakon babban gwaji a kan majinyata 676 masu melanoma da ta bazu, kuma shi ne karo na farko da wani magani ya tsawaita ran irin waɗannan majinyata a gwaji irin wannan. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a Maris 2011.

A takarda ribar ba ta da yawa, kusan wata huɗu ne a tsakaice. Amma da aka ci gaba da bibiyar majinyata 1,861, sai aka ga abin da ba a saba gani ba. Kusan ɗaya cikin biyar sun kai shekara uku, kuma wanda ya kai nan galibi yakan ci gaba da rayuwa, wasu har shekara goma, alhali da yawansu allura huɗu kawai aka yi musu cikin wata uku. Dalilin shi ne sojojin jiki ba sa mantuwa. In suka gane abokin gaba sau ɗaya, suna nan suna jiransa ko bayan an daina magani. Ni a ganina nan ne ainihin girman aikin mutumin nan yake.

A can Japan kuma, Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto ya gano wani birkin daban a 1992, mai suna PD-1. Ƙwayoyin daji kan yi dabarar taɓa wannan birki da kansu don su kashe wa sojan da ya zo kansu jiki. Magungunan da ke toshe shi, nivolumab da pembrolizumab, sun fito a 2014, kuma na biyun ne aka ba Carter. Da aka haɗa maganin Allison da nivolumab, kashi 43 cikin 100 na masu melanoma da ta bazu suna raye bayan shekara 10. Yau ana amfani da ire-iren magungunan nan a sankarar huhu, ƙoda, mafitsara, hanta, bakin mahaifa da wani nau'in sankarar mama. A 2018 aka ba Allison da Honjo kyautar Nobel ta fannin likitanci.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, 'yan'uwa. Tun da labarin nan ya bazu, masu tallan magani a waya da tasha da bakin kasuwa sun samu sabuwar magana. Za ka ji ana cewa ga garin magani ko kwalba mai "ƙara garkuwar jiki" da ke narkar da daji, har a ce ai Turawa ma yanzu da garkuwar jiki suke magance shi. Ƙarya ce mai cin rai. Abin da binciken Allison ya nuna shi ne zuga garkuwa kawai ba ya isa, sai an toshe wani takamaiman sinadari a jikin wata takamaimiyar ƙwaya. Babu shayi, babu zuma, babu ƙwayar bitamin da ke yin haka. Mun sha ganin mace ta ji ƙullutu kamar ƙwallon dabino a mamanta, ta shafe watanni tana shan irin waɗannan kwalabe, sai fatar ta fashe tana ruwa sannan a kawo ta. Ƙullutun da aka iya cirewa da aiki ɗaya ya zama abin da ya fi ƙarfin kowa. Wannan na ci mini rai ƙwarai.

Shi kansa maganin gaskiyar ba wasa ba ne. Tunda birki aka cire, sojojin kan juya kan lafiyayyen jiki: gudawa mai tsanani saboda kumburin hanji, ƙuraje, kumburin huhu ko hanta, lalacewar maƙoƙo, wani lokaci har ciwon suga. Wasu sun rasa ransu ta haka. Dole sai ƙarƙashin kulawar likitan daji mai ɗakin gwajin jini a kusa. Kuma ba kowa yake yi wa aiki ba, mafi yawan masu daji har yanzu aiki da kemo da gashi ne maganinsu, kuma suna warkar da mutane in an zo da wuri. Ga tsada. Lokacin da ipilimumab ya fito, allura huɗun nan sun kai dala 120,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nivolumab da pembrolizumab cikin jerin muhimman magunguna a 2019, amma har yau sun fi ƙarfin aljihun yawancin iyalanmu, kuma wannan abu ne da ya kamata hukumomin lafiya da na inshora su ji kunyarsa su tashi tsaye.

Akwai wani abu game da melanoma da ya shafi baƙar fata kai tsaye. A wurinmu ba a fuska ko baya ta fi fitowa ba, a tafin ƙafa ne, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Baƙin tabo ne da ke faɗaɗa a hankali, gefensa ba daidai ba, wani lokaci ya zama gyambon da ya ƙi warkewa. Manomi zai ce ƙaya ce ta soke shi ko kaushi ne, ya yi ta ɗaure shi da tsumma. Irin wannan nau'in bai cika jin sababbin magungunan ba kamar na Turawa, don haka cire shi da wuri ne babbar dama. Ku duba tafin ƙafar tsofaffinku. Zabiya kuma, da rana ke yi wa fatarsu illa, su riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu, duk ƙurjin da ya wuce wata ɗaya bai warke ba a kai shi asibiti.

Sannan kada mu manta akwai hanyar amfani da garkuwar jiki a kan daji da take kyauta a asibitin unguwa. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa kusan duk sankarar bakin mahaifa, cutar da ta kashe mata kimanin 8,000 a Najeriya a 2020 kaɗai. Tun Oktoban 2023 aka shigar da rigakafinta cikin alluran yau da kullum, allura ɗaya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Ba ta hana haihuwa, wannan jita-jita ce marar tushe. Haka ciwon hanta nau'in B, wanda ke kan gaba wajen jawo sankarar hanta a yankinmu, yana da rigakafi, kuma allurar farko ta fi amfani in an yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, domin ta tare cutar da kan bi daga uwa zuwa ɗa. Ko a gida aka haihu, kada a jira sai bayan suna, a kai jaririn a ranar. Uwar da ke da 'ya mai shekara 9 zuwa 14 kuwa, ta ɗauki katin rigakafinta ta je asibiti mafi kusa ta tambayi ranar da ake yin ta HPV.